Ɗan akun da ya ƙi hannu

Akun da ke gidanmu a Nasarawa Gwom ba saye na yi ba. Yayana ne, mai dakon kaya tsakanin Jos da Fatakwal, wani abokin cinikinsa ya ba shi kyauta, shi kuma ya kawo wa yaransa. Bai daɗe a can ba ya fasa wa ƙaramar 'yarsu yatsa, ya tsinke wa matar Yaya ɗan kunne, aka mayar da kejinsa bayan ɗakin girki aka lulluɓe da tsohon buhu. Ranar da na je gaishe su, tun daga tsakar gida nake jin gurnaninsa. Na ce a ba ni shi. Yaya ya ce, "Ƙanwata, ɗauki har da kejin, amma kada gobe ki zo mini da hannu a naɗe."

Irin akun nan ne na kurmi, mai toka-toka da jan bindi, wanda ya fi sauran iya kwaikwayon magana. Ba tsuntsun tudunmu ba ne. Gidansa dazuzzukan kudu, wajen Kuros Riba da Neja Delta, har zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. Kamun da ake yi masa ya yi yawan da a 2016, a taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da aka yi a birnin Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, haramcin ya fara aiki a Janairun 2017. Duk wanda ya tambaye ni inda zai sayi irinsa nakan ce ya haƙura, domin kuɗinsa ne zai sa a hau wata bishiyar a kwashe wasu 'ya'yan. Wannan tarihi kuwa shi ne tushen cizon. Tsuntsun da aka zaro daga kogon itace, aka cusa a kwando, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, abin da ya sani game da hannun mutum guda ɗaya ne: damƙa.

Mu mutanen Jos likitan dabbobi ba ya yi mana wuyar samu, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom tun 1924, sai dai yawancinsu kaji da shanu suka fi sani. Na yi ta cigiya har na samu wanda ya saba da tsuntsayen gida, ya zo har falo. Da ya dubi idon sai ya ce bai shekara ba. Idon ɗan aku baƙi ne, daga baya ya koma ruwan toka, sai ya manyanta yake zama rawaya-rawaya, namu kuwa yana tsakiyar toka. Ya nuna mini fiffiken dama da aka datse da almakashi, na hagu kuma aka bar shi yadda yake, shi ya sa duk tsallen da ya yi sai ya karkace ya faɗo a kan ƙirji. Ya ce, "Malama, tsuntsu in ya tsorata tashi yake yi. Wanda aka hana tashi, baki kaɗai ya rage masa." Gashin zai sake fitowa idan tsohon ya zube, amma sai an jira watanni masu yawa.

Kafin a kwana biyu kowa a unguwa ya zama malamin aku. Maƙwabcinmu ya ce a riƙa ɗana masa yatsa a baki duk sa'ad da ya ciza. Surukata Hajiya ta ce a hana shi abinci wuni guda, yunwa za ta nuna masa mai gida. Wani ya kawo shawarar safar hannu irin ta masu walda, a damƙe shi kullum har ya gaji ya saba. Baban yara ya ce tsawa ta isa. Na yi wa kowa godiya, ban ɗauki ko ɗaya ba. Wanda tsoron hannu ya sa shi cizo, in hannun ya ɗane shi, ai an tabbatar masa da zatonsa ke nan. Damƙar kullum tana sa shi ya daina tirjiya, gaskiya ne, amma wannan saduda ce, kuma tana koya masa mugun darasi: gurnani da ja da baya ba sa hana komai, gara ya bar gargaɗi ya wuce kai tsaye ga cizo. Tsawa kuwa, ita ce ta fi ba ni dariya. Aku masoyin hayaniya ne. A gidan Yaya da zarar ya ciza sai yaro ya ƙwalla ƙara, uwa ta rugo, gida ya kaure, tsuntsun da ke zaman kaɗaici a bayan ɗakin girki ya samu hanyar tara jama'a.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauke masa hannu gaba ɗaya. Na sa kejin a lungun falo, bango a bayansa da gefe guda, a kan tebur daidai ƙirjina, ba a ƙasa ba inda kowa ke gittawa ta kansa. Na cire sandar roba na sa rassan gwaiba masu kauri daban-daban. Kafinta ya buɗe mini 'yar ƙofa ta gefe, don in riƙa sauya ruwa da abinci ba tare da na zura hannu cikin kejin ba. Da yamma in zauna nesa kaɗan ina duba littattafan ɗalibaina, ina karantawa a fili, ba na ƙura masa ido. Masu farautarsa a daji ido biyu suke zuba masa ta gaba, don haka ta gefe nake dubansa. In ya yi gurnani na san na matso da yawa, sai in ja kujera baya. In ya ci abinci ko ya hau gyaran gashi ina zaune, washegari in ƙara matsowa taki ɗaya. A haka makonni suka shuɗe, babu abin a zo a gani, har Hajiya ta fara tambaya ko tsuntsun ne ke kiwona.

Barci ya zame mana rigima. Aku na buƙatar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, falonmu kuwa talabijin ba ya mutuwa sai dare ya raba. Wanda bai ƙoshi da barci ba da faɗa yake tashi. Sai na samu ƙaramin keji na kwana na ajiye a ɗakin baƙi. Sannan ga hunturu. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne ga ɗan kurmi, amma kaskon gawayi bai shiga inda yake ba. Tsuntsu ban da huhu yana da jakunkunan iska a jiki, hayaƙin da mu za mu yi tari mu wuce, shi yana iya kashe shi. Bargo na riƙa rufa wa kejin ta gefe uku, na toshe kafar taga. Turaren wuta ya koma ɗakina, ƙofa a rufe. Maganin sauro na kunnawa da na fesawa suka bar falo, haka ma tukunyar nan da abinci ba ya kama ta, wadda in ta yi zafi sosai take fitar da tururin da ke kashe tsuntsaye. Rabuwa da turaren falo ya fi komai yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

A gidan Yaya gyaɗa da masara kawai yake ci. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai dafi ga hanta, ga maiƙo, sai na rage ta ƙwarai. Kasuwar Farin Gada ta rufa mini asiri: karas, ɗanyen wake, tattasai, kabewa, gwanda, ganyen zogale, da ɗanyar masara in lokacinta ne. Wani lokaci Yaya ya taho masa da kwakwar manja, abincinsu na daji, ranar ba ya kula kowa. Barkono yana cin abinsa hankali kwance, tsuntsu ba ya jin yajinsa. Fiya ce ban yarda ta kusance shi ba, duk da arharta a garin nan, don guba ce gare shi. Haka cakulan, shayi, kofi da abinci mai gishiri. Sai na jera masa 'yan abubuwa a faranti in ga wanda zai fara ɗauka. Kullum kashu ne. Daga ranar kashu ya fita daga kwanonsa, ba ya samunsa sai daga wajena, gutsure ƙanana da ba su wuce ƙwayar dawa ba.

Zaman da na yi ina kallonsa shi ya koya mini abin da ya fi komai amfani. Kafin baki ya taɓa fata, ya riga ya yi magana sau da yawa. Da farko zai daina abin da yake yi. Sai ya karkata jiki baya, ko ya matsa ƙarshen reshe. Gashinsa ya lafe a jiki ya zama siriri, wuya ya miƙe, wannan tsoro ne. Ko kuma gashin ƙeya da na kafaɗu ya tashi, ya duƙa, baki a buɗe, wannan shirin faɗa ne. Ɗan baƙin tsakiyar idonsa ya riƙa tsukewa yana buɗewa da sauri. Sannan gurnani. Cizo shi ne na ƙarshe, kuma ban taɓa shan wanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a gabansa ba. Shi tsukewar ido ba kullum fushi ba ne, yana yin sa in ya ga kashu ko ya ji sabuwar murya, sai an haɗa da yadda gashi da tsayuwa suke. Amma ko na murna ne, in ya yi yawa nakan jira ya lafa, domin zumuɗi ma yana ƙarewa da cizo.

Kuma ba duk kamun baki ne cizo ba, nan ne mutane da yawa ke ɓata lamarin. Aku da baki yake hawa, da shi yake gwada reshe kafin ya ɗora ƙafa, da harshe yake sanin taushi da tauri. Ƙarami musamman, komai sai ya ɗanɗana: zobe, farce, maɓalli, fatar tsakanin yatsu. Wanda ya ga baki ya nufo shi ya fizge hannu, ya koya wa tsuntsun cewa wannan reshen gudu yake yi, gobe sai ya riƙe da ƙarfi. Cizo na gaske daban ne, da sauri yake zuwa, ya danna ya murɗa. Bakin da ke fasa ƙwallon ɗan itace, yatsa ba komai ba ne a wajensa.

Da ya fara karɓar kashu ta tsakanin wayoyin keji, sai na ɗauko sabon tsinken tsire na datse tsininsa. Na riƙe shi nesa kaɗan. Son sani ya sa ya miƙo wuya ya taɓa kan tsinken da baki, nan take na ce "yauwa", na ba shi kashu. Shi ke nan darasin. Turawa suna da wani ɗan abu mai ƙara ƙas da suke dannawa a daidai wannan lokaci, ni kuwa bakina ya ishe ni, muddin kalmar ɗaya ce kuma ta fito a daidai ƙiftawar da ya yi abin da ake so. Idan ya cafke tsinken ya tauna, ba yauwa ba kashu, sai in ɗan janye in sake miƙawa. Da haka ya gane taɓawa a hankali ce ke biya, kuma wannan taushin baki shi ya bi shi har zuwa kan yatsuna daga baya. Ba ma wuce minti biyar, da safe kafin ya karya da kuma bayan la'asar, muna tsayawa tun yana marmari. Sannu a hankali ya riƙa bin tsinken: taki ɗaya, ƙarshen reshe, bakin ƙofa, saman keji. Na samu hanyar kai shi duk inda nake so ba tare da na taɓa shi ba. Yanzu shi yake riga ni, ya taɓa tsinke ya ce wa kansa yauwa da muryata, ya tsaya jiran biya.

Hawa hannu ta kan reshe muka fara. Na riƙe guntun gwaiba a gabansa, sama da ƙafafunsa kaɗan, tsinke a ɗaya hannun ta yadda ba zai kai gare shi ba sai ya taka reshen. Ƙafa ɗaya, yauwa. Ƙafa biyu, yauwa, in mayar da shi nan take, don ya san hawa ba ya nufin an tafi da shi. Kullum hannuna yana ƙara matsowa a jikin reshen har ya zamana yatsuna yake takawa. Ban taɓa tura masa hannu a ciki don ya rasa yadda zai yi ya hau ba, ko da yake haka ake yawan koyarwa. Nakan kawo hannu in ce "hau", in tsaya cik. In ya ɗaga ƙafa, madalla. In ya kau da kai, in ja hannuna in tafi da kashuna, in dawo an jima. Baban yara ya ce, "Malama, yanzu tsuntsu ne zai ce miki a'a ki haƙura?" Na ce e. Abin mamaki, da ya tabbata kau da kai kaɗai ya isa ya kore ni, sai ƙin ya ragu, cizon kuma ya kusa ɓacewa, tunda ya samu hanya mai arha. Wannan a ganina shi ne ƙashin bayan aikin duka.

Duk da haka na sha cizo, har da wanda ya fitar da jini. Dokata ita ce kada in fizge, fizga ke yage fata. Nakan cije, in sauke shi a kan reshe mafi kusa, in juya baya na ɗan lokaci ba magana, sannan in dawo in nemi abu mai sauƙi, kamar taɓa tsinke, don mu rabu lafiya. Ba na jefa shi keji da sunan horo, keji ɗakinsa ne, ba na so ya tsane shi. Ciwon in wanke da sabulu da ruwa mai gudu, in sa aidin, in ya yi zurfi ko ya kumbura sai asibiti. Sannan, da yake aikin koyarwa ya saba mini da rubutu, in rubuta abin da ya faru kafin cizon da abin da ya biyo baya. Da na duba littafin daga baya sai ga shi abin a fili. Mafi yawa gab da magariba ne, lokacin da ya gaji. Wasu in ina riƙe da waya ina magana da wani. Wasu in autanmu ya sheƙo da gudu, tsuntsun ya firgita ya huce a kan abin da ya fi kusa, wato ni. Babu wanda ya buƙaci horo a cikinsu. Na daina ɗaukarsa da magariba, na ajiye waya, na hana gudu a falo. Kafaɗa kuwa har yau ban ba shi ba: a can ba na ganin idonsa, ga kunnena da idona a bakinsa.

Shafa ita ta fi ɗaukar lokaci. Yarda ya hau hannu daban, yarda hannu ya hau shi daban. Na fara da ɗaga yatsa ɗaya a nesa, ta gefe, ba ta sama ba, don ta sama shaho ke zuwa. In bai motsa ba, yauwa, kashu, yatsa ya koma. Tazarar na raguwa kaɗan-kaɗan har yatsan ya taɓa saman bakinsa. Nan muka daɗe. Daga baki zuwa kumatu, daga kumatu zuwa ƙeya. Kowane sabon wuri taɓawa ɗaya ce in ɗauke, kuma ranar da ya lafe gashi sai mu koma matakin jiya. Wani lokaci mukan koma na makon jiya. Aka wayi gari ya sunkuyar da kai da kansa, ya saki gashin wuya. Susa a hankali yake so, ana bi ta ƙarƙashin gashin zuwa sama. Ina yi sau biyu ko uku sai in tsaya. In ya ƙara turo kai in ci gaba, in ya ɗago in bari, ko da raina yana so.

A nan akwai tarko, kuma wannan jinsin ya shahara da shi. Zai sunkuyar da kai kamar mai neman susa, yatsa na isowa ya juyo ya cafke. Ido ake dubawa. Na gaskiya idonsa a lumshe yake, jiki a sake. Na yaudara idon a buɗe yake tar, yana bin yatsa ta gefe. In na ga haka sai in ce masa na gode, in wuce.

Da sabon gashi ya fara fitowa sai ya koma ƙin susar da jiya yake roƙo. Sabon gashi cikin wani ɗan kwanso yake tsirowa, tsinke-tsinke, da jini a gindinsa, taɓa shi da zafi, kamar sabon kitson da aka ja da ƙarfi. Sai kwanson ya yi fari ya bushe sannan ake murza shi a hankali tsakanin yatsu biyu ya rududduge. A daji abokin zamansa ke yi masa wannan a kai da wuya, inda bakinsa ba ya kaiwa, shi ya sa wanda ya iya shi yake samun shiga sosai. Bushewar hunturu na ƙara ƙaiƙayin, don haka nakan fesa masa ruwa mai ɗumi da tsakar rana, ya bushe kafin sanyin yamma ya sauko. Susar so kuwa a kai da wuya ta tsaya. Shafar baya, ƙarƙashin fiffike da gindin bindi, a wajen balagaggen aku neman aure ne. Sukan balaga tsakanin shekara 3 zuwa 5, kuma wanda aka saba wa irin wannan shafar yakan ɗauki mai shi a matsayin mata ko miji, ya shiga kishi yana cizon duk wanda ya matso. Tsuntsu ne da kan yi shekara 40 zuwa sama a hannun mutane, ba na son in gina masa halin da 'ya'yana za su gada.

Ana cikin haka aka yi bikin ƙanwar baban yara, na sha jan lalle da baƙin zane har gwiwar hannu. Na dawo gida na miƙa hannu kamar kullum, ya yi wata ƙara ya manne a ƙarshen keji yana gurnanin da na manta da shi. Muryata ce, fuskata ce, amma hannun baƙo ne. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san labarin Alex, aku irin wannan da Irene Pepperberg ta yi bincike da shi a Amurka daga 1977 har ya mutu a 2007, wanda ke faɗin sunayen launuka da siffofi, yana ƙirga har shida. Tsuntsu mai irin wannan lura, sabon abu ba ya wuce shi, kuma tsoro yake fara ji kafin sha'awa. Muka koma kan tsinke da reshe, ina ajiye hannun a kan tebur inda zai ƙare masa kallo. Jan ya saba da shi da wuri. Baƙin kuwa ni ce ban bari harshensa ya taɓa ba har ya goge, don akwai sinadari a ciki. Tun daga nan sabon hijabi, tabarau, ko doguwar hular baban yara, daga nesa ake fara nuna masa.

Mutanen gida kowa da matsayinsa. Babbar 'yata ta iya tsinke, yana hawa hannunta, ya yarda ta sosa masa kumatu. Autanmu aikinsa ya jefa kashu a kwano ya wuce, yatsa ba ya shiga keji, fuska ba ta matsowa, kuma ba a barinsu su biyu. Hajiya da ta ce a yi masa horon yunwa, yanzu ita ce ke zama kusa da shi bayan azahar tana ba shi aya, shi kuma yana kwaikwayon tarinta da sallamarta. Rannan na tarar tana ɓantaro masa goro. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da ke hana barci a goro shi zuciyarsa ba ta ɗauka." Ta ce, "To, ai shi ya roƙa." Baban yara har yau a kan reshe kawai yake ɗaukarsa. Da sauri yake zuwa, a tsaye, murya sama, tsuntsun bai yarda da yatsunsa ba, shi ma bai damu ba. Ban ga laifin haka ba. Ba dole ne kowa ya shafa shi ba, abin da nake so shi ne a samu fiye da mutum ɗaya da zai iya fito da shi ya mayar in ba na nan.

Akwai taɓawar da ba ta so ba ce, ta lalura ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana zai yi ciwo, likita zai naɗe shi a tawul, ya buɗe fiffike, ya duba ƙafa. Na samu tawul maras zane mai launin toka na shimfiɗa nesa da keji, na riƙa matso da shi, na zuba kashu a kai har ya taka, muka mai da shi wasan ɓuya. Yanzu yana yarda in rufa masa a baya na ɗan lokaci. Likita ya nuna mini riƙon: a tallafe kai ta bayan muƙamuƙi, a rufe fukafukai, ƙirji kuwa ba a matse shi ko kaɗan, don da motsin ƙirji tsuntsu ke numfashi. Ƙafa ta zo da sauƙi, tunda ya saba ɗaga ta in zai hau: in riƙe yatsa ɗaya, yauwa, har ya kai ina goga masa farce da magogi. Fiffike ne ya fi wuya, musamman na daman da aka datse, har yanzu buɗewa kaɗan yake yarda da ita. Ina kuma ɗora shi a sikelin kicin duk mako da safe kafin ya ci, yana kai da kawowa sama da giram 400 kaɗan. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, sikeli kan riga ido gani, kuma likita ya ce in nauyin ya ragu da kashi 10 cikin 100 in kira shi ba jira. Haka in mai lafiyar hali ya tashi da cizo rana tsaka ba dalili, ciwo za a fara nema kafin a ce ya lalace.

Abin da muke kai yanzu shi ne shan ruwa daga sirinji maras allura, don ranar da magani zai zama dole kada sai an danne shi. Ina zuƙo ruwan gwanda ko na lemo in ɗiga masa a gefen baki. Shan ya iya tun tuni. Matsalar ita ce da ya gama sai ya fasa kan sirinjin, ya ce yauwa. Na sayi da yawa har mai kemis na bakin titinmu ya kira baban yara gefe yana tambaya ko wani ne ba shi da lafiya a gida ba a faɗa ba.